An Rufe Fim, An Rufe Gala: Gaskiya ko Jita-jita?

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22. Cikinsu har da Labarina, da Daɗin Kowa, da Manyan Mata, da Gidan Sarauta, da Garwashi, wato waɗanda ake kwana ana tashi da su a gidajen jama'a. Sanarwar ba ta da tsawo, amma kafin ta tsallake gadar Wudil ta iso Gaya ta riga ta yi ƙiba, balle a ce ta kai Ajingi da Toranke. Wani ya ce an rufe Kannywood ɗungurungum. Wani ya ce daga yau babu sauran rawa da waƙa a fim. Wani kuma, wanda ya fi kowa sani, har jero sunayen fina-finan da za su maye gurbin waɗanda aka rufe yake yi, da shi aka yi zaman ke nan.

In kana son jin irin wannan magana da ɗuminta, ka tsaya a shagon masu tura fim a waya. Kowa a yankinmu ya san irinsa: rumfar kwano a bakin tasha, tsohuwar kwamfuta a kan tebur, igiyoyin caji sun harɗe da juna, wayoyi jere a kan katako kowace an liƙa mata 'yar takarda mai lamba. Yarinya ta zo da memori ƙulle a gefen hijabi, an aiko ta daga cikin gida.

"Yaya, wai Umma ta ce a tura mata Labarina na wannan satin."

"Ki ce mata an rufe shi. Sai dai in sa mata fassarar Indiya."

Shi ke nan, labari ya shiga gida, daga nan sai maƙwabta, daga nan sai gidan suna. Mai shagon bai yi niyyar ƙarya ba. Abin da ya gani a Facebook ya faɗa, kuma ba ya son kuɗin da aka aiko su koma.

"An rufe Labarina da Daɗin Kowa"

Dakatarwa aka yi, kuma mai sharaɗi. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne ana sakin waɗannan fina-finai a talabijin da YouTube ba tare da an kawo mata ta duba ba, alhali doka ta ce a kawo kafin a saki. Ta ba masu su mako guda su miƙa. Ba ta ce ta haramta labarin ba, ba ta ce ta kori jaruman ba, kuma Labarina ya ci gaba da fitowa bayan haka kamar yadda masu bibiyarsa suka gani da idonsu.

Maganar waɗanda za su maye gurbi kuwa ba ta da tushe tun daga farko. Hukumar tacewa ba ta shirya fim, ba ta raba wa tashoshi lokaci. Abin da zai fito a Arewa24 da daddare shawarar tashar ce da masu ba ta talla. Abin da mai shiri irin Aminu Saira zai ɗora a YouTube shawararsa ce da aljihunsa. Duk wanda ya ce maka yana da jerin fina-finan da gwamnati ta zaɓa su gaji wasu, hira yake yi.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da suka yarda da labarin rufewar ba wawaye ba ne, tarihi suke tunawa. A Disambar 2000, jim kaɗan bayan fara aiki da Shari'a a Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta janye lasisin shirya fim da sayar da shi da nuna shi a duk faɗin jihar. Wannan rufewa ce ta gaske, ba a bakin tasha aka ƙirƙire ta ba. Daga tattaunawar da ta biyo baya ne aka kafa hukumar tacewar a 2001, aka ci gaba da sana'a bisa ƙa'idoji. A 2007 kuma, bayan wani hoton bidiyo na rashin ɗa'a da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida. A zamanin nan ne aka ɗaure Adam A. Zango, aka ɗaure Rabilu Musa Ibro, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Ko a 2023, da sabon shugaban hukumar ya kama aiki, soke lasisin 'yan masana'antar ya yi gaba ɗaya, ya ce kowa ya zo ya sabunta.

To, me ya faru bayan kowanne daga cikin waɗannan? Fim bai mutu ba ko sau ɗaya. A 2007 da 2008 'yan fim da yawa kayansu suka tattara suka koma Kaduna da Jos suna aiki, kaset ɗin kuma yana dawowa Kano ta bayan fage. Ikon hukumar jiha a kan iyakar jiha yake ƙarewa, kuma mu da muke Gaya da Ajingi, waɗanda muke kallon ƙasar Jigawa daga gonakinmu, mun fi kowa sanin yadda iyaka take kusa. Yau da YouTube ya shigo, iyakar ma sai an yi da gaske ake gane inda take. Hukuma tana iya wahalar da mai sana'a, tana iya jawo masa asara, tana iya tsare shi, kuma ta yi duk wannan. Kashe sana'ar ce ba ta taɓa iyawa ba.

"Hukuma da malamai ne suka kashe sinimomin Kano"

Wannan ita ce maganar da dattawa suka fi so, kuma ita ta fi cancanta a zauna a kanta, domin tsohuwar jita-jita ce ta haifi sabuwa.

Gidan sinima na Rex ya buɗe a Sabon Gari a 1937. Bayansa aka yi El-Duniya. A ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a El-Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka rasu daga cikin kusan 600 da ke ciki. Binciken da gwamnatin lokacin ta yi ya gano cewa wutar daga ɗakin na'urar haska fim ta tashi. Faifan fim na wancan zamani da wani sinadari mai saurin kamawa ake yin sa, da ya kama sai wutar ta bi rufi, jama'a suka yi cunkoso a ƙofa. Wannan shi ne abin da aka tabbatar.

Abin da gari ya ɗauka daban ne. Aka ce fim ɗin da ake nunawa ya nuna surar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya sa azaba ta sauka. Aka ce waɗanda suka ɗauki gawawwakin sun bi su. Aka ce gandirobobin da suka taimaka sun haukace, fursunonin da aka kawo aikin kuma sun kasa cin abinci. Maganar ta yi ƙarfi har sai da gwamnati ta shiga rediyo tana ƙaryatawa cikin harsuna huɗu. Wanda ya san halinmu ya san cewa ƙaryatawar gwamnati ba ta cika goge abin da aka riga aka faɗa a zaure ba. Har yau akwai tsofaffin da in ka tambaye su El-Duniya, labarin azabar za su ba ka, ba labarin faifai ba.

Ba a yi wata biyu da gobarar ba aka buɗe Palace, gidan sinima na farko a cikin ganuwar birni, a Yulin 1951. Malamai sun yi adawa da shi ƙwarai, matasa sun riƙa jifan masu kallo. Duk da haka ya yi shekara fiye da talatin yana aiki, sai a 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe shi aka mayar da wurin asibiti. A kan Palace, to, maganar dattawa gaskiya ce: hannun hukuma ne ya rufe shi, kuma abin da ya gaje shi ba wani fim ba ne, ɗakin haihuwa ne.

Sauran fa? Plaza, da Orion, da El-Dorado, da Marhaba, da Wapa duk sun ga wa'azin da aka yi a kansu shekara da shekaru, suka ci gaba da sayar da tikiti. Abin da ya karya su a hankali ya zo. Bidiyo ya shiga gidaje. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset da ya shiga kasuwa. Sinima dama wurin maza ne, matar aure ba ta zuwa, budurwar da ta je kuma ta jawo wa kanta suna. Kaset kuwa har ƙuryar ɗaki yake shiga. Rabin al'umma da sinima ba ta taɓa samu ba, bidiyo ya same su a zaune. Ga kuma filayen da aka gina sinimomin a kansu, a tsakiyar kasuwanci suke. Mai fili ya yi lissafi ya ga shaguna sun fi kujerun kallo kawo kuɗi, ya rushe ya zuba shaguna. Yau in ka ce wa yaro ɗan shekara ashirin Wapa, canjin dala da riyal zai tuna, bai ma san sunan gidan kallo ba ne.

Rufewar Disambar 2000 ta ƙara wa sinimomin rauni, babu musu. Amma ta same su ne sun riga sun kwanta ciwo.

"An hana rawa da waƙa, shi ya sa suka ɓace daga fim"

A ƙasashen Turawa akwai wasan daɓe mai waƙa, inda labari yake tafiya, a tsakiya jarumi ya ɓarke da waƙa, 'yan amshi su fito da rawa. A wajenmu fim ɗin Hausa ne ya riƙe wannan matsayi. Tun daga Sangaya a 1999 aka gane cewa waƙa ce take sayar da kaset. Ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai kan tambayi waƙa nawa ke cikin fim kafin ya tambayi labarinsa, har ta kai ana fara yin waƙoƙin sannan a nemo labarin da za a rataya su a jikinsa.

An sha sa wa rawa da waƙa takunkumi, musamman rawar mace da namiji tare, a farkon kafa hukumar da kuma zamanin Rabo. Kowane lokaci sukan lafa su dawo. Shekarun da suka biyo bayan 2008 ma su ne shekarun da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka mamaye fina-finai da waƙoƙinsu. In da doka ce ke kashe waƙa, da ba a ji su ba.

Abin da ya rage waƙa a fim shi ne mutuwar kasuwar faifai. Daga wajen 2015 cinikin CD ya fara zubewa. Satar fasaha ta yi yawa, tashoshin tauraron ɗan'adam suna nuna fim kyauta, Arewa24 ta fara aiki a 2014, wayoyi masu memori kuma suka cika ƙauyuka. 'Yan kasuwar da ke zuba jari a fim suka koma sayar da wasu kaya. Da aka koma fim mai dogon zango, musamman daga 2020 lokacin kullen korona da Izzar So da Labarina suka fito, sai tsarin ya canza. Mai fitar da kashi ɗaya duk mako ba shi da lokaci ko kuɗin kwashe mutane zuwa lambu a yini ana ɗaukar rawa, ana canza kaya kala biyar. Waƙa ta koma ta buɗe shiri da ta ratsa zuciya a ƙarƙashin hoto. Mawaƙan su ma suka gane ba sa buƙatar fim. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta karaɗe ƙasar Hausa a 2020 da ƙafarta, ta hanyar wayoyi da gidajen biki. Waƙar ba ta ɓace ba, gida ta raba da fim.

Akwai 'yar uwar wannan magana, wai rawa da waƙa a cikin wasa baƙuwar al'ada ce da Indiya ta kawo mana. Rabi gaskiya. Salon saurayi da budurwa suna zagaya bishiya daga fina-finan Indiya ne, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka daɗe suna nunawa a sinimomin Arewa. Amma haɗa kwaikwayo da waƙa namu ne tun kaka da kakanni. Tashe wasa ne mai waƙa da amshi da shiga. Tatsuniya tana da waƙa a tsakiyarta. 'Yan kama da 'yan gambara da kiɗa suke ba da dariya, kalankuwa kuma bayan girbi ake yin ta a karkara, da sarki da alƙali da dogarai na wasa.

Inda ake da lissafi

Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ta hasashen wane wasa zai faɗi, wane zai hau ba. A Broadway, unguwar gidajen wasan daɓe 41 da ke birnin New York, sana'a ce guda ta masu sha'awa. Gidajen ba su da yawa, wasannin da ke jiran layi sun fi su, saboda haka sabon wasa ba ya samun daɓe sai wani ya sauka. Bambancinsu da mu shi ne su da alƙalami suke gardama. Duk mako ana fitar da cinikin kowane wasa da yawan kujerun da aka cika, kowa ya gani. A yarjejeniyar haya kuma akan sa sharaɗin cewa in ciniki ya faɗi ƙasa da wani adadi makonni biyu a jere, mai gida yana da ikon ya tashi wasan. Mai hasashe a can yana iya yin kuskure, amma yana da abin da zai nuna maka.

Dubi The Phantom of the Opera, wasan da ya fi kowane daɗewa a Broadway. An fara shi a Janairun 1988. Korona ta rufe gidajen baki ɗaya daga Maris ɗin 2020 har wata goma sha takwas, kuma da aka dawo kuɗin gudanar da wasan ya haura dala 900,000 a mako, ciniki bai kamo ba. A Satumbar 2022 aka sanar za a rufe shi a Fabrairu mai zuwa. Jin haka sai jama'a suka yi tururuwar sayen tikiti, har aka ɗaga rufewar zuwa 16 ga Afrilun 2023, bayan an yi wasan sau 13,981. Babu malamin da ya yi huɗuba a kansa, babu hukumar da ta aiko takarda. Lissafi ne ya ƙi fita.

Mu ma lissafin ne ke kashe mana shiri, sai dai a ɓoye yake. Babu inda ake buga abin da fim ya ci da abin da ya kawo. Mai shiri ba ya son ya ce kuɗi sun ƙare, gara ya yi shiru ko ya ce an tafi hutu. Inda aka bar wuri babu bayani kuwa, kowa sai ya cika da nasa: hukuma ce, faɗan jarumai ne, asiri aka yi.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye. YouTube yana biyan mai shiri ne bisa tallan da aka nuna wa wanda ya kalla a kan intanet, kuma tallan da aka nuna wa Bahaushen Jidda ko Landan ya fi na wanda aka nuna a Najeriya tsada. Matar da ke Kademi ko Balare, wadda aka tura wa shirin a memori, ta tara kishiyoyi da 'ya'ya suka kalla a waya ɗaya, a lissafin YouTube babu ita sam. Mai shago ya sauke sau ɗaya, ya tura wa mutum ɗari. Ban ga laifinta ba. Sabis ba ya zama a garinsu, wuta ba ta zuwa, kuɗin data kuma a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari. Amma sakamakon ɗaya ne. Shiri yana iya zama abin hira a kowane gida daga Gaya zuwa Albasu, mai shi kuma yana can Kano yana neman bashin biyan masu ɗaukar hoto.

"Wane ne zai gaje shi?"

A nan ne masu hasashe suka fi faɗuwa, domin kullum a cikin gida suke neman magaji. Da Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, maƙwabcinmu, ya rasu a Disambar 2014, an daɗe ana gardamar wa zai hau kujerarsa: Bosho ne, ko Daushe, ko Ɗan Auta. Kowannensu gwani ne, kuma sun ci gaba da sana'arsu. Amma kujerar ce ta gushe. Irin fim ɗin barkwanci na faifai, wanda aka fi saye a ƙauyuka, ya tafi tare da faifan. Dariyar da ake nema wurin Ibro yanzu a bidiyon minti ɗaya ake samun ta a TikTok da Facebook, daga hannun yaran da ba su taɓa taka matattarar 'yan fim ta Zoo Road ba.

Haka aka yi da gidajen kallo. Da can allon da ke jingine a ƙofar gidan kallo sunan fim ake rubutawa da alli, Hausa da rana, Indiya ko Cana da dare. Leƙa yau ka gani. Bencina ne dai na da, labulen buhu ne na da, janareta na ruri a baya, amma a allon Arsenal da Chelsea ne, da Madrid da Barcelona, da ƙarfe nawa za a take. Ƙwallo ce ta gaji fim a gidan kallo, ba wani fim ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, mai gidan ba ya tayar da inji sai ya tabbata benci zai cika, kuma ƙwallo kaɗai ke ba shi wannan tabbaci.

A cikin waya kuma fassarar Indiya ce, irin ta Algaita da takwarorinta. Masu kiran a rufe fim ɗin Hausa sun yi fatan fina-finan tarihi da tarbiyya za su cike gurbin. Duk lokacin da na gida ya yi ƙaranci, abin da ke cike gurbin shi ne fim ɗin da aka yi a Mumbai ko Hyderabad, da rawarsa da shigarsa yadda suke, an ɗora masa muryar Bakano. Ko mutum yana goyon bayan tacewa, kuma akwai dalilai masu ƙarfi na goyon bayanta, ya kamata ya sa wannan a ma'auni.

Sau ɗaya dai magana ta rufe abu tun kafin a buɗe shi. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta shirya gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji. A takarda akwai wurin koyar da ɗaukar hoto, da zauren taro, da masauki, da otal, da asibiti. A masallatai da rediyo da Facebook aka ce matattarar baɗala za a gina. Cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli, aka janye shirin. Wanda ya ce maka an fasa, gaskiya ya faɗa.

Gala, tashe, da abin da ba a tambaya

Gidan gala shi ne mafi kusa da wasan daɓe mai waƙa a ƙasar Kano ta yau: dandamali, fitilu, lasifika, 'yan rawa suna bin waƙa da baki, a tsakani a sako ɗan wasan kwaikwayo, masu kallo suna liƙi. Shi ma duk shekara sai an ce an rufe shi har abada. Abin da ke faruwa shi ne hukuma takan rufe gidajen na wani lokaci, musamman da azumi, takan kuma soke lasisin waɗanda ta ce sun karya ƙa'ida, kamar yadda ta yi wa wasu a 2025. A shekarar ce kuma ta hana bikin da 'yan birni ke kira ranar ƙauyawa, inda ake shiga irin tamu ana kwaikwayon maganarmu a gidan biki. Wannan kam ba mu yi zaman makokinsa ba. Tashe ma rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, kuma dalilin da take bayarwa shi ne 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi, ba wai an ce wasan haramun ne ba kamar yadda wasu ke yaɗawa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne duk wannan hayaniya a kan kayan birni ake yin ta. Muna raba dare muna gardamar shirin da ake ɗauka a Kano, ba mai tambayar ina namu daɓen ya tafi. Wasan kwaikwayon Hausa na zamani a makaranta ya girma. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, ɗalibai sun karanta su a aji sun kuma taka su a gaban iyaye ranar rabon kyaututtuka. Daga ƙungiyoyin wasan daɓe irin su Tumbin Giwa da Gyaranya aka samu waɗanda suka cika gidan talabijin na CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, daga nan aka samu Kannywood ɗin kanta. Ba sanarwar wata hukuma ce ta kwantar da ƙungiyoyin wasa na makarantunmu ba. Malamin Hausar da ke riƙe da su ya yi ritaya, ajin da ake yi a ciki rufinsa ya yaye, aka daina ranar rabon kyaututtuka, shi ke nan. Kalankuwa ma haka, samarin da za su yi ta da an gama girbi suke hawa mota zuwa cirani.

Tun Yulin 2024 masarautar Gaya ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Kirana ga hakimai da dagatai, da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, da shugabannin makarantun sakandare na maza da na mata, shi ne a ware yini ɗaya bayan an kai amfani gida, kowace makaranta ta kawo wasa na rabin sa'a da waƙarsa, malamai da iyaye su duba shi tun kafin ranar, a nemi izinin da doka ta ce a nema, a yi shi da rana a filin makaranta. Kuɗin da za a kashe bai wuce na hayar lasifika da man janareta ba.